Safiya Ɗaya A Shaɗiba, Garin Da Wuta Ta Kasa Shafe Sunansa

Tun ina yaro na san kalmar Shaɗibiyya, amma ban taɓa kawowa a raina cewa sunan wani gari ne a cikinta ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, alaramma ne a cikin birnin Zariya. In an idar da sallar asuba yakan zauna bisa buzu a zaure, ya lumshe ido yana rera baitocinta da ka, mu kuwa muna gyangyaɗi a kan allunanmu. A zatona a lokacin, Shaɗibi wani malami ne na Masar ko na Timbuktu. Sai da na yi hankali na ji cewa mutumin Andalus ne, kuma an jingina shi ne ga garinsu, Shaɗiba.

A cikin watan Afrilu na 2024 aiki ya kai ni Balansiya, birni na uku wajen girma a ƙasar Sifen, wanda yake bakin tekun Bahar Rum. Wata rana ina duba taswirar jiragen ƙasa a tasha sai idona ya faɗa kan wani suna da aka rubuta Xàtiva. Na tambayi mai sayar da tikiti yadda ake faɗinsa, ya ce "Shativa". Nan take na ji muryar tsohon nan a kunnena. Garin bai fi kilomita 60 kudu da Balansiya ba, watau wajen mil 37, tafiyar kimanin awa guda a jirgi. Ran Talata da sassafe na shiga jirgin.

Tun kafin jirgi ya tsaya mutum zai hango abin da ya kawo yawancin baƙi. Wani dogon dutse ne ya tokare bayan garin, a ƙoƙuwarsa kuwa an gina kagara, watau gidan yaƙi mai ganuwa da hasumiyoyi, ta bi tsawon dutsen tana hawa tana sauka kamar wutsiyar kada. Garin kansa yana kwance a gindin dutsen, mutanensa wajen 30,000.

A wani faffaɗan titi mai inuwar itatuwa, wanda suke kira Albereda, muka haɗu da ɗan jagoranmu wajen ƙarfe tara saura kwata. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, da sandarsa da hular malafa. Mu takwas ne a ayarin, ni kaɗai ne baƙar fata. Kafin mu ɗaga ƙafa ya nuna mana dutsen da sandarsa, ya ce, "Garin nan daga sama ya sauko. Mutanen farko a kan dutse suka zauna, na bayansu suka gangaro. Saboda haka yau duk hawan da kuka yi, baya kuke komawa cikin tarihi. Ku cika gorunan ruwanku, rana ba ta wasa a nan." Gaskiyarsa kuwa, don Shaɗiba tana cikin garuruwan da suka yi suna wajen zafi a Sifen.

Muka kutsa cikin tsohon gari ta wasu lunguna masu daɓen dutse, waɗanda mota guda da ƙyar take wucewa. Ranar kasuwa ce, 'yan tebur sun baje lemo da albasa da zaitun da kayan sawa, tsofaffin mata suna jan kwanduna masu taya suna ciniki. Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne ruwa. Kusan kowace kwana mutum ya sha sai ya ji ƙarar zubarsa, shi ya sa suke yi wa garin kirari da mai maɓuɓɓuga dubu. Mun tsaya a wata da take dandalin Trinitat, ginin dutse mai kusurwa takwas da ya haura shekara 500, har yanzu ruwa yana zuba daga bakunanta. Dattijon ya ce akwai wata a gefen gari mai baki 25. Ya ƙara da cewa mu riƙe maganar ruwan nan, za ta dawo.

Daga nan ya kai mu ƙofar wani gida wanda ba shi da wani ado na a zo a gani. A cikinsa ne aka haifi Rodirigo na gidan Borja a 1431, wanda ya zama Fafaroma Alekzanda na 6 daga 1492 zuwa 1503. Kawunsa ma, Fafaroma Kalistus na 3, wanda ya riƙe kujerar daga 1455 zuwa 1458, ɗan wannan yanki ne. Watau ƙaramin gari guda ya ba Rum Fafaroma biyu cikin shekara 40. Gumakansu na tagulla suna tsaye a gaban babbar majami'ar garin, wadda aka sa harsashinta a 1596, aka shafe fiye da shekara 300 ana gini, kuma har yanzu hasumiya ɗaya gare ta maimakon biyun da aka tsara. Dattijon bai ɓoye mana ba cewa a Italiya, inda ake kiransu Borgia, sunan gidan ya tafi tare da labaran son zuciya da fifita dangi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Namu ne dai. Ba a canza wa tuwo suna."

Ƙarfe goma daidai aka buɗe gidajen tarihi. Na farko da muka shiga sunansa Almodí, tsohuwar kasuwar hatsi ce ta ƙarni na 16. Da na ji sunan sai na tambaye shi asalinsa, ya ce daga Larabci ne, sunan ma'aunin hatsi. Na ce masa ai mu ma a kasuwanninmu da mudu ake awon gero da dawa, kalmomin 'yan'uwan juna ne. Ya yi dariya ya ce to shugaban gari fa, da suke kira alkalde? Na ce alƙali ke nan. Muka tsaya muna musayar kalmomi kamar 'yan canji, sauran ayari suna jiranmu.

A cikin gidan akwai wani dogon kwamin ruwa na marmara mai ruwan hoda, aikin ƙarni na 11, zamanin da Musulmi suke mulkin garin. An sassaƙa jikinsa da siffofin mutane: makaɗa, mahaya dawakai, masu kokawa, da wata mace tana shayar da ɗa. Irin wannan sassaƙa ba ta da yawa a cikin abin da Andalus ta bari, shi ya sa masana suke tasowa daga nesa don su gan ta.

A gidan tarihi na biyu, wanda bai fi taki kaɗan daga na farko ba, muka tarar da abin da garin ya fi shahara da shi a Sifen. Hoton sarki ne, fentin mai, cikin katakon ado, amma an rataye shi kai ƙasa ƙafa sama. Ba kuskuren ma'aikata ba ne. Sarkin shi ne Filib na 5. Lokacin da aka yi yaƙin gadon sarautar Sifen, wanda ya fara a 1701, mutanen Shaɗiba sun goyi bayan abokin takararsa, Yarima Karlos na Ostiriya. Bayan da rundunar Filib ta yi nasara a fagen Almansa ran 25 ga Afrilu, 1707, sai ta kewaye garin, mutanensa suka yi turjiya, aka ci su da ƙarfi. A cikin watan Yuni na shekarar aka cinna wa garin wuta bisa umurnin sarki, aka kora mazaunansa zuwa wasu yankuna, sa'an nan aka soke sunansa, aka raɗa masa San Felipe. Sai a 1811 majalisar da ta zauna a Kadis ta fara mayar masa da sunansa na asali. A tsakiyar ƙarni na 20 aka juya hoton, haka nan kuwa yake har yau. Mutanen garin kuma ana yi musu laƙabi da sokarrats, watau ƙonannu, kuma suna amsawa da alfahari.

Na daɗe a gaban hoton nan. Sarki ya iya ƙone gidaje, ya iya kore mutane, ya iya goge suna daga takardun mulki har fiye da shekara 100. Abin da bai sani ba shi ne, a duk tsawon shekarun nan sunan yana bakin almajirai daga Fas zuwa Alƙahira, kuma ba a nemi izininsa ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka kama hawan dutse. Akwai ɗan jirgin yawo mai tayar roba da yake kai baƙi sama, biyu daga cikinmu suka bi shi, sauranmu muka taka. Hanyar tana lanƙwasa tsakanin itatuwan zaitun da na fir, tafiyar kamar minti 40 ga mai tsayawa yana huci irina. A rabin hanya akwai majami'ar Sant Feliu ta ƙarni na 13, wadda ginshiƙan barandarta tsofaffin duwatsun Rumawa ne aka sake amfani da su. A nan gangaren ne garin Rumawa yake, Saetabis suke kiransa, kuma ya yi suna a Rum saboda kyawun yadin lilin da ake saƙawa a cikinsa.

A inuwar barandar nan dattijon ya cika alkawarinsa game da ruwa. Ya ce gari mai ruwa, mai kuma lilin, ya riga ya mallaki abu biyu da ake bukata don yin takarda. Sana'ar ta taso daga Sin, ta biyo ta Samarkand da Bagadaza da Masar, ta iso Andalus a hannun Musulmi, kuma Shaɗiba tana cikin wurare na farko da aka yi ta a duk ƙasashen Turai. Tsummokaran lilin ake tarawa, a jiƙa su har su ruɓe, a daka su su zama kamar kunu, a ɗebo a kan rariya mai faɗin shafi, ruwa ya tsiyaye, a danne, a shanya, sa'an nan a shafa sitaci a goge don kada tawada ta malale. Masanin ƙasa Al-Idrisi, wanda ya gama littafinsa a 1154, ya yabi takardar Shaɗiba, ya ce ana kai ta gabas da yamma.

Ko da mulki ya canza hannu, sana'ar ba ta tsaya ba. Sarki Jaume na 1 na Aragon ya karɓi garin a 1244 bisa yarjejeniya: aka miƙa masa ƙaramar kagara nan take, babbar kuwa sai bayan shekara biyu. Musulmin garin suka koma wata unguwa a bayan ganuwa, suka ci gaba da yin takarda, ofisoshin sarkin da ya ci su suna rubutu a kanta. Daga baya masana'antun Italiya suka ƙwace kasuwar, kuma takardarsu ce, mai tambarin jinjirin wata uku, fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa ta Tarabulus a ƙarni na 18 da na 19. A 1609 aka kori sauran jikokin Musulmin daga dukan ƙasar Balansiya.

Ni da nake cin abinci da takarda, na ji kamar an kai ni gaisuwa gidan kakannin sana'a. Amma ba ita ce ta kawo ni ba. Saboda haka na tambayi dattijon ko ya san Shaɗibi. Ya ce ya san Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya yi gudun hijira zuwa nan a ƙarni na 11, ya rubuta littafinsa na soyayya mai suna Ɗauƙul Hamama, har akwai wani lambu a cikin kagara da aka sa wa sunansa. Shaɗibi kuwa ya taɓa cin karo da sunan a littafi, iyakarsa ke nan.

To, a nan ne jagora ya koma ɗalibi, muna hawa ina ba shi labari. Na ce masa Alƙasim ɗan Firruh sunansa, an haife shi a wannan gari a 1144, kuma makaho ne. Ya yi karatu a nan da Balansiya, ya tafi Masar wajen 1176, ya koyar a Alƙahira, ya rasu can a 1194. Ya ɗauki littafin Taisir na Abu Amr Addani, mutumin Deniya da take bakin teku gabas da inda muke tsaye, wanda ya tattara ƙira'o'i bakwai na Alƙur'ani, ya mayar da shi waƙa mai baiti 1,173, duka da amsa-amo guda. Kowane mai ƙira'a da kowane mai ruwaya ya ba shi harafi na alama, ta yadda wanda ya haddace waƙar ya haddace bambance-bambancen karatun gaba ɗaya, har da ruwayar Warshu da muka tashi da ita a tsangayunmu. Na kuma ja hankalinsa kada ya haɗa shi da ɗaya Shaɗibin, Abu Ishaƙ mai littafin Muwafaƙat, wanda ya rayu a Garnaɗa ya rasu a 1388.

Dattijon ya tsaya ya dogara da sandarsa. Ya ce, "Kana nufin har yanzu akwai masu karanta ta?" Na ce daga Zariya zuwa Kano zuwa Maiduguri, kuma duk inda ake gasar karatu da ƙira'o'i, ita ce madogara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shekara 35 yana koyar da yaran garin tarihin garinsu, bai taɓa gaya musu wannan ba.

Muka shiga kagara ta babbar ƙofa. A hagu ƙarama ce, wadda ta fi tsufa, tushenta tun kafin zuwan Rumawa. A dama babbar ce, mai ƙofofi a jere, kowace tana kare ta bayanta, ta yadda ko maƙiyi ya fasa ɗaya sai ya tarar da wata. Jikin ganuwar kamar littafi yake: nan dutsen Rumawa, nan ginin ƙasa da farar ƙasa irin na Andalus wanda ake dannawa tsakanin katakai, nan kuma aikin sarakunan Aragon. An haƙa manyan rijiyoyin tara ruwan sama a cikin dutse, don mai kagara ƙishi ya fi tsoro, ba kibiya ba. Lokacin da Murabiɗai suke riƙe da wannan wuri, a farkon ƙarni na 12, shi ne zamanin da Sarkin Kano Gijimasu ya fara ginin ganuwar Kano.

Sarakunan Aragon sun mayar da kagarar kurkukun manya. Mun leƙa wani ɗaki mai duhu, ba taga, sanyinsa yana ratsa ƙashi duk da zafin da ake yi a waje. Mafi shahara cikin fursunonin shi ne Jaume na Urgell, wanda ya nemi sarautar Aragon bai samu ba, ya yi tawaye aka kama shi, ya mutu a nan a 1433. Kabarinsa yana cikin ƙaramar majami'ar kagarar. Abin da yaƙin 1707 ya bari kuma, girgizar ƙasa ta 1748 ta zo ta rushe mai yawa daga cikinsa. Yawancin abin da baƙo yake gani a tsaye yau, gyara ne da aka yi ta yi a hankali.

Daga can ƙoli, in mutum ya dubi arewa zai ga rufin gidajen garin ja-ja-wur, bayansu gonakin lemo shimfiɗe iyakar ganinsa, magudanan ban-ruwa suna ratsa su. In ya juya kudu sai kwari da tsaunuka. Iska tana kawo ƙamshin furen lemo har sama. Na zauna a kan ganuwa ina lissafi. Duk wanda ya taɓa mallakar dutsen nan ya gina shi ne don ya dawwama, kuma duk sun wuce. Abin da ya fita daga garin ya yi nisa, ya kuma daɗe, shi ne mafi rauni a cikin kayansa: shafin da ɗigon ruwa yake lalatawa, da waƙar makahon da bai taɓa ganin kagarar da ido ba.

Ina cikin wannan tunani dattijon ya zo ya zauna kusa da ni yana fifita da hularsa. Ya ce, "Kakan naka yana da littafin a rubuce?" Na ce ƙwarai, rubutun hannu, warwara cikin tadarishin fata, da jar tawada a kan haruffan alama. Ya ce, "Yanzu yana ina?"

Jama'a, a nan bakina ya mutu. Na san inda yake. Yana cikin wata tsohuwar adaka tare da sauran littattafansa, a ɗakin da muka mayar wurin ajiye tarkace tun bayan rasuwarsa, ɗakin da yake yoyo duk damina. Rabona da buɗe adakar ya kai shekara tara, kuma ko a wancan lokaci na ga gara ta fara cin gefe. Ga ni na ƙetare teku ina jin haushin sarkin da ya ƙone gari shekara 300 da suka wuce, alhali abin da wutarsa ba ta kai gare shi ba yana ruɓewa a gidanmu, ba tare da wani sarki ya ba da umurni ba. Na ce masa, "Yana gida." Ya dube ni irin duban da malami yake yi wa ɗalibin da bai yi aikinsa ba, bai ƙara cewa komai ba.

Muka gangaro wajen ƙarfe ɗaya, rana ta take tsaka, masu kantuna sun fara rufewa don hutun azahar. Ga wanda Allah ya kai shi, abincin da garin yake taƙama da shi wata shinkafa ce da ake gasawa a tanda cikin kasko, amma ya tambaya kafin ya ci, don bisa al'ada da naman alade ake yinta. Ni dai na tsaya a kan arnadí, wani kayan zaƙi na kabewa da sukari da 'ya'yan almon, wanda suka ce gadon Larabawa ne. Da za mu rabu, dattijon ya miƙo mini ɗan littafin aljihunsa ya ce in rubuta masa sunan makahon da shekarunsa. Na rubuta da boko, na kuma rubuta da ajami. Ya ce daga ranar zai riƙa faɗinsa a barandar Sant Feliu.

A cikin jirgi, tun kafin dutsen ya ɓace mini, na buga wa yayana waya. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, don Allah kafin ruwa ya sauka a fito da adakar Malam daga ɗakin nan." Ya ce lafiya, me ya tuno mini da ita daga ƙasar Turawa? Na ce labarin yana da tsawo, sai na dawo.

Da na koma gida muka buɗe ta tare. Littattafai uku sun riga sun zama gari, ko sunayensu ba mu iya ganewa ba. Shaɗibiyya kuwa gara ta ci gefenta, ta tsaya dab da rubutu. Mun ɗauki hoton kowane shafi, mun naɗe ta cikin sabon ƙyalle, tana ɗakin yayana yanzu, nesa da ƙasa. Na tabbata ba gidanmu kaɗai yake da irin wannan adaka ba. Mai karatu, in akwai ta a naku, damina ba ta jira.